Littafi na Biyu a Akwatin Direba

An hana 'yar yayata aikin gwamnati, kuma ba gwamnati ce ta hana ta ba. A gidan ubanta aka kayar da ita, tun kafin ta ga ƙofar ɗakin jarrabawa. Ni kafinta ne, karatuna bai wuce in rubuta awon ƙofa a jikin katako ba, amma abin da aka yi a gidan nan ba sai mai digiri ne zai gane shi ba.

Malama ake ce mata, don tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi a bayan kasuwa. Ita ta yi mini bayanin jarrabawar shiga aikin gwamnati har na gane. Akwai darussan dole da kowa zai rubuta, akwai kuma darasi ɗaya da mutum zai zaɓa da kansa. Abin da ka zaɓa ranar rajista shi ke nan, ba a canzawa. Wanda kuma ya cika shekara talatin an rufe masa ƙofa. Malama ta zauna a baya lissafi yana kayar da ita, ta dage ta gyara lissafin, kuma wannan zaman shi ne na ƙarshe da shekarunta suka yarje mata. Darasin zaɓinta kuwa bai taɓa ba ta kunya ba. Labarin ƙasa take ɗauka, na koguna da duwatsu da inda ruwan sama yake tasowa. Bangon ɗakinta duk taswira ce da ta zana da hannunta. Ni na yi mata teburin karatu, na faɗaɗa shi fiye da yadda aka saba don taswira ta kwanta a kai ba lanƙwasa.

A shekarar ne ƙaninta Auta ya gama makaranta, ubansu ya ce shi ma zai zauna jarrabawar.

Ubansu tsohon direban ma'aikata ne. Ya yi ritaya amma har yau Direba ake ce masa, har yau kuma yana tafiya kamar akwai babban sakatare a kujerar baya. Ranar da ya yanke maganar ina gidan, ina gyara ƙyauren kicin. Yana zaune a kujerarsa ta tsakar gida, Malama tana tsaye da jakar makaranta, ko takalmi ba ta cire ba.

"Auta ya zaɓi tarihi," in ji shi. "Ke ma shi za ki ɗauka."

Ta ɗan yi dariya, ta zaci wasa ne. "Baba, ai ni labarin ƙasa nake yi."

"Da kike yi dai. Mutum biyu za su wuri ɗaya, sai a fito da mota biyu? Duk zamana a ma'aikata ban taɓa ganin an yi wannan ɓarna ba. Littafi ɗaya, tebur ɗaya, ki karanta ya ji."

"To shi ya ɗauki nawa mana. Littattafan suna nan, zan koya masa tun daga farko."

Auta yana kwance a dogon benci yana latsa waya. Bai ko ɗago ba. "Ni zane-zanen nan ciwon kai suke sa ni, Anti. Wai a auna nisan gari da zare. Tarihi kuwa labari ne kawai. Abokina ya ce ko a kwance sai ka ci."

Na ajiye guduma. "Direba, yarinyar nan zamanta na ƙarshe ne. Shi wannan ko ya faɗi bana yana da baɗi, yana da baɗin baɗaɗa. Ka bar ta a kan abin da ta iya."

"Kafinta, ƙyaure aka kira ka ka gyara."

"Na gyara. Saura kai."

Yayata, uwar yaran, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai ba ka girma ne? Ita ai kanta yana ja, ko me aka ba ta za ta haddace. Shi ne mai buƙatar a riƙe masa hannu. Namiji ne, gobe gidan nan a wuyansa yake."

"Yau a wuyan wa yake, Yaya?"

Ta koma kicin. Duk mun san amsar. Tun da Direba ya bar aiki albashin Malama ke rufe abin da fansho bai rufe ba.

Ranar rajista Direba da kansa ya raka ta shagon kwamfuta. Mai shagon ya gaya mini daga baya cewa tsohon ya tsaya a bayanta hannu a baya, kamar mai jiran maigida ya fito daga taro, bai matsa ba sai da ya ga ta danna tarihi. Da suka dawo aka fito da teburin daga ɗakinta aka kai falo. Taswirorin ta cire su da kanta, ta naɗe, ta ɗaure da zare, ta ɗora a kan kabad.

Ban ga ta yi kuka ba. Abin da ta ce mini shi ne, "Kawu, littafi biyu ne. Na farko tsohon zamani, na biyu na kusa-kusan nan. In na yi gudu zan gama duka."

Da an bar ta ta yi gudun, da ta gama. Na san ta.

Ga yadda karatun yake. Ta taso daga makaranta bayan ta wuni tana ɗaga murya a kan yara, ta taya uwarta aikin gida, sannan ta zauna a teburin ta buɗe littafi na farko. Auta ya miƙe a doguwar kujera, ya sa filo. Ya ce shi idonsa ba ya riƙe karatu, kunnensa ne ke riƙewa. Sai ta yi ta karantawa da ƙarfi. Direba yana bakin ƙofa da rediyonsa a kashe, yana gadi.

Na zauna na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ta karanta shafi uku, ta ɗago ta tambaye shi.

"To wa ya ci garin da yaƙi?"

"Wane gari?"

"Wanda nake karanta maka tun ɗazu."

"Kin cika sauri, Anti. Kamar mai karanta labarai. Maimaita."

Ta maimaita. Waya ta yi ƙara, ya fita amsawa, ya dawo ya ce ya manta inda aka tsaya, a koma farkon babi. Ranar da ake ƙwallo kuma ba karatu, don uwarsa ta ce ƙwaƙwalwa tana son hutu, kar yaro ya zautu. In ba karatun Auta, to ba karatun Malama, don littafin ba ya barin falo.

Wata ya wuce suna babi na uku. Wani ya bi bayansa suna na huɗu. Sarakunan da suka mutu tun duniya na ɗanya Malama ta san sunan dawakansu, ta san wa ya haifi wa, saboda maimaici. Littafi na biyu kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Sai ta fara tashi da sassafe, kafin ta tafi makaranta, tana karanta na biyun ita kaɗai a tsaye a kicin tana jiran ruwa ya tafasa. Ba a daɗe ba Direba ya kama ta. Yayata ce ta ba ni labarin, kuma ta ba ni shi ne a matsayin abin yabon mijinta.

Ya ce mata, "Kin san jerin gwanon motoci? In maigida zai yi tafiya, motar gaba ba ta barin ta baya. Ko injinki ya fi na kowa, a madubi idonki yake. Wanda ya yi gaba ya bar jeri, a ranar ake karɓe makulli. Kin tsallake kin bar ƙaninki, in kin dawo kansa da wace zuciya za ki karanta masa? Sai ki riƙa yi masa a gurguje."

Ya karɓi littafin. Yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado inda yake ajiye tsohon kakinsa da hular aiki. Nan ya sa shi, ya kulle, ya mayar da makullin aljihu. Ya ce ranar da Auta ya gama na farko, ranar za a buɗe.

Na ce wa yayata, "Kin ji abin da kika faɗa kuwa? An kulle wa mai jarrabawa littafi."

"Ai don su tafi tare ne. Kai ba ka san tarbiyya ba."

"In Auta bai gama ba fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen katako. Zai gama."

Muryar Malama ce ta fara mutuwa. Da safe aji, da yamma Auta. Ta koma magana kamar ana goga sanfefa a katako. Uwarta tana dafa mata ruwan zafi da zuma, ba don ta huta ba, don ta iya ci gaba. Rannan na ji Auta yana cewa, "Anti, ɗaga murya mana, ba na ji," ita kuwa jijiyar wuyanta duk ta fito.

Wata rana ta biyo ta shagona, shugabar makarantarsu ta aiko ta a kan wasu bencina da suka karye. Na dube ta. Ta rame, idon ya faɗa, mayafin ma kamar ya yi mata yawa.

"Kuna babi na nawa?"

"Na shida."

"Littafin babi nawa ne?"

Ta nuna da yatsu. Ko rabi ba su kai ba.

"A jarrabawa daga ina ake tambaya?"

"Rabi daga na farko, rabi daga na biyu. Kuma dole a amsa daga kowane ɓangare."

Na miƙa mata fensir da guntun katako. "Rubuta mini sunan na biyun."

"Kawu, Baba zai..."

"Rubuta."

Na ɗauki katakon na tafi layin masu tsofaffin littattafai. Mai shagon ya karanta, ya dube ni, ya ce shi tun da yake ba a taɓa kawo masa oda a jikin katako ba. Na ce ya yi haƙuri, a ofishinmu takardar ke nan. Ya tono littafin, bangonsa ya cinye amma cikinsa lafiya.

A bayan shagona akwai wani lungu da nake jingine ƙofofin da ba a zo karɓa ba. Na share garin katako, na kwantar da ƙofa ɗaya a kan jakunan katako biyu, ta zama tebur. Malama ta riƙa biyowa in ta taso, ta zauna kamar awa guda kafin ta ƙarasa gida. In tana ciki ba na kunna injin yanka, da zarton hannu nake lallaɓawa. Ba ta karantawa da ƙarfi a nan. Shiru take yi, yatsa a kan layi, tana rubutu a gefe, shafi na bin shafi kamar ana kora su. A 'yan kwanakin nan ta ci babi uku. Har na ji ta yi dariya rannan, da muryar tata ta sanfefa.

"Kawu, ashe na biyun ma ya fi daɗi. Akwai taswira a ciki."

Auta ne ya tona. Ba don mugunta ba, shi mugunta ma sai ya tashi zaune, kuma ba ya son tashi. Ƙorafi ya yi wa uwarsa cewa Anti tana dawowa a makare, karatu yana shiga masa lokacin fita wurin abokai. Uwar ta gaya wa uban. Uban ya tsaya a bakin titi ya ga inda take shiga.

Ina goge ƙafar kujera na ga inuwarsa. Ya wuce ni kai tsaye zuwa lungu. Malama ta miƙe tsaye, hannunta a kan littafin.

"Ashe gareji biyu gare ki," in ji shi.

Na bi shi ciki. "Direba, shagona ne nan. Ni na sayo littafin, ni na ce ta zauna."

"Na sani. Wa zai yi wannan in ba wanda bai san darajar gida ba? Ka haifa ne, da za ka san yadda ake tafi da 'ya'ya biyu?"

"Ban haifa ba, amma na san in ƙafar tebur ɗaya ta gaza, ba a yanke sauran ukun a ce an daidaita. Ɗanka ba ya karatu. Kwanciya yake yi. Kowa a gidanku ya sani, kai ma ka sani, shi ya sa kake zama a bakin ƙofa kana kallon waje."

Fuskarsa ta yi baƙi. Na ɗauka zai kai mini hannu, kuma da ya kai da na ji daɗi. Bai kai ba. Ya juya wurin 'yarsa, ya sassauta murya, abin da ya fi duka ciwo.

"Ni na yi shekaru ina buɗe wa mutane ƙofar mota. Yaran da 'ya'yana suka girme su nake ce wa ranka ya daɗe. Burina ɗaya, in ga ɗana a kujerar baya kafin in mutu. Ke mace ce, gobe wani zai ɗauke ki da aikin naki duka. In kin ga karatun ɓoye shi ne alheri, ki yi. Amma ba da yawuna ba. Kuma duk abin da aka samu ba da yawun uba ba, kin san ƙarshensa."

Ya fita. Ko ƙurar wandonsa bai kakkaɓe ba.

 Malama ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ke, kar ki yi wauta. Barazana ce."

"Kawu, in na ci yana fushi, ina zan kai aikin?"

"Ki kai shi ofis. Ki zauna a kansa."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ɗauki jakarta. Ba ta sake biyowa ba.

Na je wurin yayata washegari, na same ta tana wanki. Na faɗa mata duk abin da ke bakina. Ta bar ni na gama.

"Ka gama? To ji. Yarinyar nan tana da aikinta a hannu. Shi ba shi da komai. In ya zauna a gida haka, abokan banza za su ja shi. Kana so ya lalace?"

"Aikin da ake biyanta wata ɗaya a tsallake ɗaya? Shi kike kira aiki?"

"Ko ma mene ne tana fita da safe. Kuma in Auta ya samu ai duk mun samu. Zai manta da yayarsa ne?"

"Yanzu ma da take gabansa bai san tana yi ba."

"Allah ne ke ba da aiki, ba littafi ba. In rabonta ne ko ba ta buɗe shafi ba za ta ci."

"To ki gaya wa Auta haka, a bar shi da rabonsa, a ba ta littafinta."

Ta matse rigar da ke hannunta kamar wuyana ne. "Tashi ka tafi, kana tsaya mini a kan ruwa."

Ana saura mako guda jarrabawa Direba ya ga dai ba za a gama na farkon ba. Ya jawo akwati ya buɗe, ya kawo littafin falo yana warin maganin asu, ya ajiye a tebur kamar wanda ya yi kyauta. Auta ya ɗaga shi ya auna nauyinsa a hannu.

"Duk wannan? A mako ɗaya? Baba, kaina zai fashe. Gara a maimaita mini na farkon in riƙe shi da kyau, kar in yi biyu babu."

Direba ya gyaɗa kai. "Yaron yana da hankali. Ba a canza taya ana cikin gudu."

Aka koma babi na ɗaya. Malama ta karanta shi da abin da ya rage mata na murya, littafi na biyu yana gefen gwiwar hannunta a rufe. Wannan karon ba kulle shi aka yi ba, lokacin buɗe shi ne babu.

Ranar darasin zaɓi Direba ya aro motar wani tsohon abokin aikinsa, ya wanke ta, ya sa hular kakinsa. Ya buɗe wa Auta ƙofar baya. Malama ta zauna a gaba da jakar ruwa da fensira a cinya. Ni na rufe shago na bi su a babur, na zauna a ƙarƙashin wata bishiya a bakin makarantar da ake zaman.

Rabin lokaci bai cika ba sai ga Auta ya fito yana miƙa.

"Har ka gama?" in ji uban, fuska a washe.

"Abin da na sani na rubuta. Sun yi mugunta, Baba. Duk inda ba mu karanta ba nan suka tambaya."

Malama ce kusan ƙarshen fitowa. Yatsunta duk tawada. Na tare ta kafin ta isa mota.

"Yaya aka yi?"

"Ɓangaren farko na cika takarda har na karɓi ƙari." Sai da na sunkuya na ji ta. "Na biyu tambaya ɗaya ce ta faɗo a babin da na karanta a shagonka. Sauran na zauna ina kallonsu."

Direba ya danna hon.

Da sakamako ya fito, Malama ta ci duk darussan dole. Lissafin da ya daɗe yana kayar da ita ta haye shi da maki mai kyau. Darasin zaɓi ne ya gaza, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ƙa'idarsu wanda ya faɗi a zaɓi ya faɗi duka. Wata ƙawarta da suka saba karatun labarin ƙasa tare, wadda Malama ke gyara wa taswira, sunanta ya fito. Auta bai ci ko ɗaya ba.

Na je gidan a ranar. Na zaci zan tarar da kunya. Na tarar da Direba a kujerarsa yana bayani.

"Jarrabawar bana an tsaurara. Kowa ya faɗi. Ga ita wannan ma da ake cewa kanta yana ja, ina ta kai? Ka ga ashe ba laifin yaron ba ne."

Yayata ta ce, "Haka Allah ya so. Ba rabo."

Malama tana tsugune tana wanke kwanuka, ta ba mu baya.

Sai Auta ya yi gyaran murya daga kan benci. "Ni dai na gane kuskuren. Tarihin nan ba na ci ba ne, sunaye sun yi yawa. Abokina ya ce labarin ƙasa ya fi sauƙi, rabinsa zane ne, kana gani kana ganewa. Baɗi shi zan ɗauka."

Na jira in ji wani ya yi magana. Direba ya buga cinya.

"Ka ga dabara. Ga littattafan a gida, ga taswira, ga malama. Ba sai an nemo komai ba. Kuma yanzu ita ba ta da jarrabawar da za ta raba mata hankali, sai ta tsaya a kanka sosai."

Kwanon da ke hannun Malama ya tsaya a cikin ruwa. Bai faɗi ba, bai yi ƙara ba. Can ta ci gaba da cuɗa shi.

Abin da na faɗa wa Direba a ranar ba zai rubutu ba. Ya ce kar in sake taka masa gida, yayata ta ce ta goyi bayansa. Na yi wata biyu ban je ba.

A cikin watannin nan Malama ta cika shekara talatin. Makarantar tasu kuma ta ce iyaye suna ƙorafi yaran baya ba sa jin abin da take faɗa, aka cire ta daga aji aka mayar da ita ofis tana buga tambari a littattafan yara, aka rage mata albashi. Likita ya ce makogwaron ya ji jiki, sai ta daina doguwar magana in tana so ya dawo.

Abin da ya mayar da ni gidan aiki ne. Yayata ta aiko cewa ƙafar teburin falo tana rawa. Na ɗauki guduma da ƙusa na je da yamma.

An sauko da taswirorin daga kan kabad, an manna su a bangon falo, gefensu ya naɗe saboda daɗewa a ɗaure. Direba yana bakin ƙofa da rediyonsa a kashe. Malama tana tsaye da guntun sanda, tana bin wani kogi da shi tun daga duwatsun da ya taso har inda ya shiga teku, tana faɗin sunan kowane gari da ya ratsa ba ta duba littafi ba. Bakinta yana motsi, abin da ke fita bai fi iska ba.

Na durƙusa a gindin teburin da na yi mata, na kama ƙafar da ke rawa. Daga nan ƙasa ina hango Auta a doguwar kujera, filo a ƙarƙashin kai, ido a rufe, waya a ƙirji.

Ta kai bakin teku ta tsaya, ta sauke sandar.

Direba ya leƙo ya dubi ɗansa, ya dube ta.

"Bai ji ba," in ji shi. "Koma farko."